Ƙoƙon kai ba ya buɗawa: matsin ruwa da tunkuɗar nama a sankarar ƙwaƙwalwa

Idan aka ɗaga hoton sikana na mai ƙari a ƙwaƙwalwa a gaban fitila, idon dangi yakan tafi kai tsaye kan farin zoben da ke cikin hoton, domin shi ne ƙarin. Idon likitan tiyata kuwa wani wuri yake fara zuwa. Yana neman siririn layin da ya raba ɓarin dama da na hagu, ya ga ko yana nan a tsakiya ko an ture shi gefe, sannan ya ƙirga milimita nawa ya gusa. In ya haura 5, to lamarin ya zama na gaggawa. Daga nan sai ya dubi baƙar inuwar da ta kewaye zoben tana miƙa yatsu cikin farin naman ƙwaƙwalwa, wadda sau da yawa ta fi ƙarin kansa faɗi. Wannan inuwar ruwa ce. Ita da turewar layin nan su ne ke sa mutum ya tashi da asuba da ciwon kai da amai, su ne ke sa shi barcin da ba na lafiya ba, kuma su ne kan yi ajalinsa tun kafin ƙarin ya gama yaɗuwa.

Mafi muni a cikin sankarar da ke tsirowa daga naman ƙwaƙwalwar babban mutum ita ce giliyobilastoma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye a mataki na 4, matakin ƙarshe. Maganinta da duniya ke bi tun 2005, daga binciken da Roger Stupp ya jagoranta, shi ne a cire abin da zai ciru ta tiyata, a yi gashin haske na gire 60 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken) a zama 30 cikin mako 6, ana haɗawa da ƙwayar temozolomid, sannan a ci gaba da ƙwayar kwana 5 a kowane kwana 28 har zagaye 6. Da duk wannan, tsaka-tsakin rayuwar marasa lafiya a binciken wata 14.6 ne, a kan wata 12.1 na waɗanda aka yi wa gashi kaɗai. Shekaru ashirin ke nan ana neman abin da zai ɗaga wannan adadi sosai, ba a samu ba. Wannan ne ya sa wasu masana suka daina kallon ƙarin a matsayin tarin miyagun ƙwayoyi kawai, suka koma tambayar abin da yake yi da ruwa da ƙarfi a cikin rufaffen wuri. Ƙarfin kuwa iri uku ne, ana yawan cakuɗa su, alhali kowanne da maganinsa daban.

Na farko shi ne matsin da ke cikin ƙoƙon kai gaba ɗaya. Likitocin Sikotland biyu, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su suka kafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: ƙoƙon kan baligi kamar tulu ne da aka toshe bakinsa. A ciki akwai naman ƙwaƙwalwa kusan kashi 80 cikin ɗari, jini kusan kashi 10, ruwan ƙwaƙwalwa kusan kashi 10. Wannan ruwa bai wuce mililita 150 ba a lokaci guda, amma jiki yana haɗa kusan 500 a yini yana kuma shanyewa. In baƙo ya shigo tulun, dole wani ya fita. Da farko ruwan ƙwaƙwalwa ne ke gangarawa bututun ƙashin baya, jinin da ke manyan jijiyoyin komawa shi ma ya ragu. Shi ya sa ƙari ke iya yin watanni yana girma ba a san da shi ba. Ranar da wurin matsawa ya ƙare, ƙarin mililita kaɗan sai ya harba matsin sama. A lafiyayyen mutum yana tsakanin 5 da 15 a ma'aunin zaiba. In ya zarce 20 ya tsaya a can, ana ɗaukar mataki.

Lissafin da ya kamata kowane ma'aikacin jinya ya riƙe a kai shi ne: ƙarfin da ke shigar da jini ƙwaƙwalwa daidai yake da matsakaicin bugun jinin jiki in an ɗebe matsin cikin kai. Mai matsakaicin bugu 80 da matsin kai 10 yana da 70, ya wadatu. In matsin kai ya kai 35, saura 45, ƙwaƙwalwa ta fara yunwa. Jiki yakan mayar da martani ta hanyar ɗaga hawan jini, zuciya ta rage gudu, numfashi ya rikice. Waɗannan alamu uku da ake jingina wa Harvey Cushing na nuna an kusa bakin rami. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ga jini ya hau 190 a ruga a saukar da shi da allura, ba a san cewa da wannan hawan ne ƙwaƙwalwar ke samun ɗan jinin da ya rage mata ba.

Akwai wani haɗari da ya shafe mu kai tsaye a Marwa da Garwa da Kuseri da Injamena. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma daga hunturu zuwa bazara duk wanda ya zo da ciwon kai da amai da ruɗewa, hannu na saurin kaiwa ga allurar ɗiban ruwan baya. A mai sanƙarau wannan daidai ne. A mai ƙari kuwa, ɗebe ruwa daga ƙasa kamar zare toshiyar gindin randa ne: matsin sama ya danno ƙwaƙwalwa ta cushe cikin ramin da ke gindin ƙoƙon kai, inda cibiyar numfashi take. Kafin a soka allura, a duba ko ɓari ɗaya ya yi rauni, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko ya yi farfaɗiyar da bai taɓa yi ba, ko ciwon kan ya yi makonni yana ƙaruwa ba zazzaɓi. A leƙa bayan ido da fitilar duba ido a ga ko kan jijiyar gani ya kumbura. In ɗaya daga ciki ya bayyana, a ba da maganin sanƙarau in ana zarginsa, amma a jinkirta allurar sai an ga hoto. Shi ma hoton ba ya yanke hukunci shi kaɗai. A ƙasarmu farin zobe a sikana yana iya zama ƙurji mai mugunya, ko dunƙulen tarin fuka, ko ƙwayar cutar tokzofilasma a mai ƙanjamau, ko ƙunshin 'ya'yan tsutsar alade. Waɗannan duka ana warkewa daga gare su, don haka gwajin ƙanjamau da hoton ƙirji suna gaba da ambaton sankara.

Makamin farko a kan kumburin shi ne dekzametazon, wanda aka fara amfani da shi a wannan aiki a Minesota ta Amurka a farkon shekarun 1960. Yana toshe yoyon jijiyoyin jini. A mai alamu masu tsanani akan fara da miligiram 10 ta jijiya, a bi da 16 a yini a rarrabe. Mai alamu masu sauƙi 4 zuwa 8 sun ishe shi. Wanda ba ya jin komai ba ya buƙata ko da hoto ya nuna kumburi. Aikinsa na da ban mamaki. Dattijon da aka kawo ranga-ranga, bayan kwana biyu sai ga shi zaune yana neman tuwo, 'ya'yansa na cewa, "Likita, ai Baba ya warke, a sallame mu." Dole a zaunar da su a faɗa musu gaskiya cikin lallashi: ruwa ne ya janye, ƙarin yana nan yadda yake, kuma wannan sararin da aka samu na shirin tafiya ne.

Illar dekzametazon tana zuwa a hankali. Suga na hawa, don haka a riƙa aunawa. Naman cinya na narkewa har mutum ya kasa tashi daga tabarma, a zaci ƙarin ne ya ci gaba. Barci na ƙauracewa, shi ya sa ake ba da shi da safe da azahar, ba da dare ba. Yana daɗewa a jiki, bai buƙatar a raba shi huɗu. Yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance, da tsutsar ciki ta sitironjiloyid wadda kan bazu ko'ina in garkuwa ta faɗi. Ibamektin na maganinta, amma a tambayi mara lafiya ko ya zauna a dazukan kudancin Kamaru, inda tsutsar ido ta lowa ke sa wannan magani ya zama haɗari. Fenobabital da kabamazefin da fenitoyin, waɗanda su aka fi samu a kan farfaɗiya, suna sa hanta ta ƙone dekzametazon da sauri, haka ma rifamfisin na tarin fuka. Lebetirasetam, shi ma na farfaɗiya, ba ya yin haka. Wanda ya sha dekzametazon fiye da mako biyu ba a yanke masa shi rana ɗaya, sai a riƙa ragewa. Kuma da yake ana sayar da irinsa a tebur a kasuwa a matsayin "sha ka fashe", a gargaɗi dangi kada su ƙara masa da kansu.

Manitol, ruwan da ake ratayawa domin ya tsotse ruwa daga ƙwaƙwalwa, na lokacin da ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ne ko mara lafiya ke nutsewa cikin suma. Ana ba da giram 0.25 zuwa 1 a kowane kilo cikin minti 15 zuwa 20. Mai kilo 60 da za a ba rabin giram a kilo, giram 30 ke nan, wato mililita 150 na ruwan mai kashi 20. A ɗaga kwalbar a haske tukuna: in sanyi ya taɓa ta, sai ka ga farin ƙanƙara kamar gishiri kwance a gindi, sai an ɗumama ta cikin ruwan zafi ya narke ta huce. A sa robar fitsari, domin zai yi fitsari mai yawa, kuma a zafin Afrilu na Garwa mutum na bushewa nan da nan, jini ya faɗi, a rasa abin da aka nema. Aikinsa na sa'o'i ne kawai, kuma da yake jijiyoyin ƙari na yoyo, in aka yi ta maimaitawa sai ya tsiyaya cikin naman ya jawo ruwa ciki. A ɗaga kan gado digiri 30, wuya a miƙe. Ƙarin ruwan suga na kashi 5 zalla yana ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Ruwan gishiri na 0.9 ne abin ratayawa.

Ƙarfi na biyu ba a ganinsa a gadon asibiti, amma shi ne ke bayyana dalilin da magani ke kasa shiga. Shi ne matsin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarin kansa. A lafiyayyen nama, matsin da ke cikin ƙananan jijiyoyi ya fi na waje, don haka ruwa na tsatsowa yana ɗauke da abinci da magani. Giliyobilastoma na zubo wani sinadari mai suna VEGF da yawa, wanda ke tsiro da sababbin jijiyoyi a gaggauce, karkatattu, masu huji kamar tsohon tiyon ban ruwa. Suna ta yoyo, naman ƙwaƙwalwa kuma ba shi da magudanan limfa irin na sauran jiki da za su kwashe. Sai ruwa ya taru har matsin waje ya kusa kamo na ciki. Daga nan babu gangare, ruwa ba ya tafiya, manyan magunguna ba sa ratsawa. Rakesh Jain da abokan aikinsa a Boston ne suka shafe shekaru suna auna wannan.

A bakin ƙarin kuwa matsin na faɗuwa kwatsam, don haka ruwa na kwarara waje, kamar yadda Binuwai ke malala cikin fadama in an saki ruwan Lagdo. Yana fitar da ɗan maganin da ya shiga, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke kiran ƙwayoyin sankara su biyo. Jennifer Munson ta nuna a 2013, a gwajin ɗakin bincike, cewa gudun ruwa kawai na ƙara wa ƙwayoyin giliyoma (dangin ƙarin da giliyobilastoma ke ciki) kutsawa ta hanyar wata kafar saƙo mai suna CXCR4. Ƙwayoyin na bin hanyoyin da suka fi santsi: gefen jijiyoyin jini da zaruruwan farin nama. In suka bi gadar da ta haɗa ɓari biyu, hoton kan fito da siffar malam-buɗe-littafi. Tun 1928 Walter Dandy ya gwada cire ɓarin ƙwaƙwalwa ɗungurungum, cutar ta sake ɓullowa a ɗaya ɓarin. Yau ma mafi yawan dawowarta na faruwa ne cikin santimita 2 daga bakin inda aka yanka.

Tunanin da ya biyo baya mai kyau ne: a toshe VEGF, jijiyoyi su gyaru, yoyo ya tsaya, matsi ya sauka, magani da iska su shiga. Bebasizumab, maganin da ke toshe VEGF ɗin, ya samu izini a Amurka a 2009 domin ƙarin da ya dawo. Hotuna suka yi kyau ƙwarai, marasa lafiya suka rage dekzametazon. Amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2014, AVAglio da RTOG 0825, sun nuna yana jinkirta ci gaban cutar a hoto ba tare da ya ƙara tsawon rai ba. Dalili ɗaya shi ne farin zoben da ake gani ruwan allurar hoto ne da ya yoyo. In ka toshe yoyon zobe ya dushe, ƙwayoyin na nan suna rarrafe. Dalili na biyu, gyaruwar jijiyoyin taga ce ta ɗan lokaci, in aka matsa da yawa sai jijiyoyi su ƙare, ƙarin ya koma kutsawa. A ganinmu matsayinsa na gaskiya shi ne maganin kumburi mai ƙarfi ga wanda dekzametazon ya gaza masa ko ya illata shi. Iyalin da zai sayar da gona ko shanu domin sa ya cancanci a faɗa masa haka tun kafin ya sayar. Yana kawo hawan jini da zubar jini da daskarewarsa, yana hana rauni haɗewa, don haka ana barin aƙalla kwana 28 tsakaninsa da tiyata.

Ƙarfi na uku ba na ruwa ba ne. Tunkuɗa ce ta nama, irin wadda saiwar durumi ke yi wa katanga. Ko da an tsotse ruwan kaf, dunƙulen yana danna abin da ke gefensa. Mai tiyata na ganin wannan da idonsa: yana tsaga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa sai naman ya bultso, tuddansa sun baje, kwarurrukansa sun shafe, bugun da ya kamata a gani ya yi rauni, yana kwashe cikin ƙarin sai wurin ya saki, bugun ya dawo. Binciken ƙungiyar Jain na 2019 ya nuna ƙarin da ke girma a dunƙule ya fi mai yaɗuwa matse jijiyoyin da ke kewaye da kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma a ɓeraye maganin litiyom ya rage wannan ɓarna. Matsewar jijiyoyi na jawo ƙarancin iskar oksijin, ƙarancin iska na sa a ƙara zubo VEGF, yoyo ya ƙaru. Ƙwayar da ba ta da iska kuma tana iya buƙatar gashi har kusan ninki uku kafin ta mutu. Har yau tiyata ce kaɗai tabbataccen maganin wannan tunkuɗa.

Ƙwayoyin sankarar suna jin taurin abin da suka taka. A 2009 ɗakin binciken Sanjay Kumar a Bakli ta Amurka ya nuna sun fi gudu da hayayyafa a kan ƙasa mai tauri. A 2018 masu bincike a Toronto suka nuna wata ƙofa a fatar ƙwaya mai suna PIEZO1, wadda dannawa ke buɗe ta, tana sa ƙarin ya ƙara taurara muhallinsa, taurin kuma ya ƙara yawan ƙofar. Gano dangin wannan ƙofa na cikin abin da ya ba Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021. Sai dai lamarin ba a miƙe yake ba: in aka auna ƙarin gaba ɗaya da na'urar hoton maganaɗisu (IRM) mai girgiza nama, sau da yawa yakan fito da laushi fiye da lafiyayyar ƙwaƙwalwa, saboda ruɓaɓɓen cikinsa da ruwa, taurin yana ɗigo-ɗigo ne. Silenjitid, wanda aka yi domin hana ƙwayoyin riƙe muhallinsu, ya faɗi a babban gwaji a 2014. Losatan, maganin hawan jinin da ke kowane kantin magani, ya rage kumburin da maganin garkuwa ke jawowa a ɓeraye masu wannan ƙari, a rahoton 2023. Na ɓeraye ne, kuma wannan fage cike yake da magungunan da suka warkar da ɓera suka kasa a mutum. Kada wani ya sha litiyom ko losatan a kan wannan. Litiyom na lalata ƙoda in jiki ya bushe, losatan na saukar da jinin da ƙwaƙwalwar ke dogaro da shi.

Wasu suka ce tunda matsi ke hana magani shiga, a tura shi da matsin da ya fi shi. Tun 1994 ake gwada dasa siririn bututu cikin ƙwaƙwalwa ana ɗura magani mikirolita kaɗan a minti na tsawon kwanaki. In aka ƙara gudu, ruwan sai ya biyo jikin bututun ya dawo baya. In bakinsa na kusa da kogon ruwan ƙwaƙwalwa ko ramin tiyata, maganin ya zube can. Babban gwajin wannan dabara mai suna PRECISE bai nuna fifiko ba, kuma an gano bututu da dama ba su zauna inda aka nufa ba. Wata dabarar ita ce a sa ƙananan kumfa cikin jini a kaɗa su da sautin da kunne ba ya ji, su buɗe shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. An yi wa mutane a Faris da Toronto, ana kan gwaji. Hular lantarki ta Optune, da ake sawa aƙalla sa'a 18 a yini a kan askakken kai, ta kai tsaka-tsakin rayuwa wata 20.9 a kan 16.0 na waɗanda ba su sa ta ba a gwajin da aka buga a 2017, amma tsadarta ta fi ƙarfin kusan kowa a nan.

Ga mara lafiyar da ke Arewacin Kamaru, gashin haske na nufin doguwar tafiya kudu, mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wataƙila har Duwala, ko kuma fita waje. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara dekzametazon da maganin farfaɗiya, in ya taɓa yi, kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a ga ya farfaɗo tukuna. Sai dai in likita na zargin limfoma, wata irin sankara ta daban, domin dekzametazon na iya ɓatar da ita kafin a ɗebi nama. A ba shi wanda zai ishe shi hanya da rarar mako guda. Ya zauna a jingine kai a sama, kada a shimfiɗe shi a bayan mota. Ya sha ruwa daidai ƙishirwa, kada ya ɗauki azumi a wannan hali. Takardar turawa ta faɗi ranar da aka fara maganin da adadinsa, sakamakon suga da na ƙanjamau, a haɗa da faifan hoton kansa, ba rahoton kaɗai ba. A koya wa ɗan rakiya ya riƙa tashinsa duk bayan sa'a biyu ya tambaye shi sunansa, ya haska idanunsa da fitilar waya. In ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa, ko ya ƙi tashi, a sauka a asibiti mafi kusa a nemi manitol, ba a jira sai an isa ba.